A Nema Wa 'Ya'yanmu Malamin Faransanci

'Yan'uwa manoma na Gatawa, Sabon Birni da Isa,

Waɗansu suna cewa koyar da Faransanci a sakandare ɓata lokaci ne, tun da Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni Hausa ɗaya suke ji. Gaskiya ne, a kasuwa Hausa ta isa. A 2025 ma Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a kan harshen aiki. Amma takarda fa? Rasidin kwastan na Nijar da bayanin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari da muke sayowa a Maraɗi, galibi da Faransanci suke. Wanda ya kasa karanta awon magani yana iya ƙone wakensa, ko ya cuci lafiyarsa.

Ba mu ce a rage Turanci ba, gama da shi ake cin jarrabawa. A 1998 manufar ilimi ta Nijeriya ta sa Faransanci cikin darussan ƙaramar sakandare, amma darasi ba ya koyar da kansa. Saboda haka kowace ƙungiya ta aika mutum biyu taron iyaye da malamai, su roƙi shugaban makaranta ya nemo malami.

Allah ya taimake mu.