DUNIYA MAKARANTA: Garin da kyanwoyi suka yi rawa

Mutumin Maraɗi ko Tawa yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba. In an ce masa teku ta ƙazanta, sai ya ce ina ruwansa. To, ga labarin wani gari mai suna Minamata. In mai karatu ya kai ƙarshe, sai ya yi hukunci da kansa.

Minamata gari ne na bakin teku, a kudancin ƙasar Japan. Mutanensa da yawa masunta ne. Teku ita ce gonarsu, kifi shi ne hatsinsu. Da safe kifi, da dare kifi. A garin akwai wata babbar masana'anta ta kamfanin Chisso. Ta fara da yin takin zamani, daga baya ta shiga haɗa wasu magungunan masana'antu. Daga shekarar 1932 ta fara aiki da zaiba. Zaiba wani ƙarfe ne mai kama da ruwan azurfa, mai nauyi, mai guba ƙwarai. Ruwan dattin masana'antar, da zaiba a cikinsa, sai a sake shi ya kwarara cikin teku. Masu kamfanin suna ganin teku babba ce, kome aka zuba mata sai ta haɗiye.

Wajen shekarar 1950 sai aka fara ganin abin mamaki. Kifaye na tasowa bisa ruwa matattu. Ciyawar teku ta daina tsiro. Hankaki na cikin tashi sai ya faɗo ƙasa. Kyanwoyin gari, masu cin ragowar kifi, suka riƙa tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, miyau na zuba, wasu su faɗa teku su mutu. Mutane suka sa wa abin suna ciwon rawar kyanwa. Ba wanda ya gane cewa dabbobin gargaɗi suke yi.

A watan Afrilu na 1956 aka kai wata yarinya mai shekara 5 asibitin kamfanin. Ba ta iya tafiya sosai, magana ta gagara, jikinta na karkarwa. Bayan kwana 2 ƙanwarta ta kamu. Ran 1 ga watan Mayu, likitan asibitin, Hajime Hosokawa, ya sanar da hukuma cewa wata baƙuwar cuta ta ɓullo. Kafin watan Oktoba an samu mutum 40 da ciwon, 14 sun mutu. Hannu da ƙafa su mutu, gani ya ragu, ji ya ragu. Maƙwabta suka ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, suka ƙaurace wa gidajen marasa lafiya. Ga ciwo ga wulaƙanci.

A 1959 malaman jami'ar Kumamoto suka gano cewa zaiba ce cikin kifi. A wannan shekara likita Hosokawa ya zuba wa wata kyanwa ruwan dattin masana'antar cikin abincinta, ta kamu da ciwon. Shugabannin kamfanin suka ɓoye labarin. Aka ci gaba da zuba guba, masunta suka ci gaba da su, yara suka ci gaba da cin kifi. Sai a 1968 masana'antar ta bar aiki da zaiba, gwamnatin Japan kuma ta fito ta ce ruwan dattin kamfanin ne ya kawo ciwon. Shekara 12 ke nan bayan yarinyar farko.

Yaya guba kaɗan cikin ruwa mai yawa take kashe mutum? Ga yadda abin yake. Ƙananan halittun ruwa, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke fara shanta. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗari bisa ɗari. Zaiba kuwa in ta shiga nama ba ta saurin fita, taruwa take yi, kamar yadda ake tara dami ɗaya ɗaya har rumbu ya cika. Saboda haka wanda ya ci daga ƙarshe shi ke kwasar mafi yawa: tsuntsu, kyanwa, mutum. Wanki ba ya fitar da ita. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ko banda ba su kashe ta. Kifin kuma ba ya wari, ɗanɗanonsa bai sake ba.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne na jarirai. Mace mai ciki ta ci kifi, ita ba ta ji kome ba, amma gubar ta wuce wurin ɗan da ke cikinta. Aka haifi yara da ba su taɓa tafiya ba, ba su taɓa magana ba.

Zuwa shekarar 2001 hukuma ta tabbatar da mutum 2,265 da suka kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun mutu. Wasu dubbai kuma an biya su diyya. Gyaran tekun ma bai zo da sauƙi ba. A 1974 aka kafa raga aka tsare bakin ruwan, don kada kifi mai guba ya fita. Daga 1977 zuwa 1990 aka yi ta kwasar laka mai zaiba, aka binne ta ƙarƙashin fili mai hekta 58. Sai a 1997 aka cire ragar, aka ce kifin ya ciwu. Ɓarna sauri gare ta, gyara kuwa sai da shekaru.

To, ina haɗin wannan da Nijar, ƙasar da ba ta da teku? Haɗin shi ne ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya taso daga ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya, ya faɗa teku. Gulbin Maraɗi ma, in damina ta yi kyau, yana kai ruwansa gulbin Rima, Rima ta kai Sakkwato, daga can sai kogin Isa. Ke nan abin da aka zuba cikin gulbi yana da hanya har teku. Kafin ya kai can kuma, kifin gida da dabbobin gida su za su fara sha.

Zaiba kuma ba baƙuwa ba ce. Ana haƙar zinariya a Komabangu cikin jihar Tillaberi tun da daɗewa. A 2014 aka yi tururuwa zuwa Jado, a 2021 kuma zuwa Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi. Masu haƙar zinariya da hannu, a ƙasashe da yawa, da zaiba suke kama garin zinariya, sa'an nan su ƙona ta. Hayaƙin ya shiga ƙirjin mai ƙonawa, sauran ya bi iska, ruwan sama ya sauko da shi ƙasa, da kogi, da teku. Masana sun ce a yau wannan aiki shi ne kan gaba wajen sakin zaiba cikin iskar duniya. Shi ya sa a 2013 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar rage amfani da zaiba, suka sa mata sunan Minamata. Ta fara aiki a 2017, Nijar na cikinta.

Yarjejeniya takarda ce, aiki yana hannun mutanen karkara. Saurayin da ya tafi haƙar zinariya kada ya ƙona zaiba cikin ɗaki, ko kusa da mata da yara. Kada a wanke ƙasar zinariya a tabki ko gulbin da ake sha. Manomi kada ya wanke galan ɗin maganin ƙwari inda shanu ke shan ruwa. Masunci kada ya kama kifi da guba. In an ga kifaye sun taso matattu, kada a ci, kada a kai kasuwa. A gaya wa maigari da ma'aikatan gandun daji.

Mutanen Minamata sun ga kyanwoyinsu na faɗuwa shekaru kafin ƴaƴansu su fara faɗuwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa.