Gigin Tsufa Ko Sakacin 'Ya'ya?

Zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda maganata ta sosa wa rai ya yi haƙuri, gama ni ne na farko cikin masu laifin.

Mu Hausawa, musamman mu 'yan boko, akwai wani kirari da muke yi wa kanmu, wai mu ba Turawa ba ne, ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Gaskiya ne, ba mu kai su. To, amma tsohon da aka bari a ƙuryar ɗaki, ba mai lura da ko ya ci ko bai ci ba, me ya raba shi da na gidan gajiyayyu? Na can ma ya fi shi gata, tun da akwai wanda ake biya don ya duba shi. Laifinmu shi ne ba mu gane lokacin da tsoho ya fara bukatar a riƙe shi, kuma sau da yawa da gangan muke kau da kai.

Bari in ba da misali da kaina. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta fi shekara 40 tana sana'ar daddawa, ba a taɓa cin ta ko kwabo a lissafi ba. Da aka yi hutu ina aji ɗaya, na tafi gida don in naɗo tatsuniyoyi saboda aikin da aka ba mu a darasin adabin baka. Ta kama ta Gizo da Ƙoƙi, ta kai tsakiya ta komo farko. Na bushe da dariya na ce, "Iya, kin tsufa, sakinki zan yi in auro yarinya." Ta ce, "Haba maigida, wa zai kwashe ka in ba ni ba?" A zaman nan sau huɗu ta tambaye ni yaushe na zo. Na ga awarwaronta ya yi mata yawa, yana zamewa har gwiwar hannu. Na ga ƙonanniyar tukunya a bayan ɗaki, na ga tuwon jiya a rufe ba a taɓa ba. Duk na gani da idona, na tattara tatsuniyoyina na komo makaranta, na kuwa sami maki mai kyau.

Bayan wata biyar, cikin hunturu, Iya ta buɗe ƙyaure da tsakar dare ta fita ba ko takalmi, wai za ta gidan babanta, mutumin da ya rasu tun ba a haifi mahaifina ba. Sai da hantsi aka same ta a bakin kasuwar wani ƙauye, yara sun kewaye ta suna ce mata mayya. Allah ya kawo wani mai shayi da ya shaida ta. Kada wani ya ɗauki wannan da wasa. A shekarar 2020, a garin Kafaba na arewacin Gana, da rana tsaka aka doki wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo.

Me ya rufe mana ido? Abu uku ne. Na farko kunya: wace uwa ce za ta dubi ɗanta, balle ɗan fari, ta ce masa fitsari ya fara kufce mata? Za ta wanke zanenta da dare ta yi shiru. Na biyu wasan jika da kaka, al'ada mai daɗi wadda muka mai da ita mafaka, duk abin da ya kamata ya tsorata mu sai mu mai da shi abin dariya. Na uku waya. Mu kira ranar Juma'a mu ce, "Ina gajiya?" a ce ba gajiya, "Yaya jiki?" a ce da sauƙi, mu tura 'yan kuɗi, shi ke nan mun sauke farali. Ya kai mai nazarin Hausa, kai da ka rubuta jarrabawa a kan gaishe-gaishe, ashe ba ka san "lafiya lau" amsar ladabi ce ba? Ko wanda ke kwance rai a hannun Allah haka zai amsa. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuwa rabonka da fuskar tun babbar salla.

Na san za a ce mini tsufa ba shi da magani. Haka ne, amma an lafta wa tsufa laifuffukan da ba nasa ba. Tsohon da ya daina zuwa masallaci don ba ya gani, mai yiwuwa yanar ido ce, wadda binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da manya, alhali kuwa aiki ne na ɗan lokaci ake yi a cire ta, kamar yadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Tsohuwar da ta rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro ko da a zafin bazara. In aka kai ta asibiti da wuri hankalinta na iya komowa. Hawan jini da ciwon sukari su ma ba su yin sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Ita kanta mantuwar da muke kira gigin tsufa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Wadda ta fi yawa cikin ire-irenta ita ce cutar Alzaima, mai sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, watau irin namu. Ba a warkar da ita, amma wanda ya san sunan abin da ke damun uwarsa ba zai yi mata tsawa don ta maimaita tambaya ba, ba kuwa zai bar ta ita kaɗai da murhu ba.

Saboda haka in ka je gida wannan hutu, ajiye wayar ka yi amfani da ido, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dubi ko tufafin sun yi mata yawa. Dubi ko mai tsabta ta koma kwana bakwai da zane ɗaya. Lura da yadda take tashi daga tabarma, da yadda take dafa bango in za ta kewaya. Nemi tabon ƙuna ko na faɗuwa, gama hukumar da na ambata ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 kowace shekara a duniya, waɗanda suka haura shekara 60 ne kuma suka fi mutuwa ta wannan hanya. Ƙirga ƙwayoyin maganinta ka ga ko ana sha. Ka ga ko tana rikita raka'o'in salla, ko ta daina zuwa suna da biki, ko tana cewa an sace mata abin da ita ta ɓoye. Ɗaya daga cikinsu na iya zama ba kome ba. In sun taru uku ko huɗu, lokacin taron gida da ganin likita ya yi.

Wani zai ce ina kuɗin? Ban musa ba, talauci gaskiya ne, hukuma ma ta makara. Sai 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa kuwa sai 2018 aka sa mata hannu. Amma nawa ake sayar da fitila a hanyar banɗaki? Nawa ne cike ramin da ke bakin ƙofa, ko sa wani ya riƙa kwana ɗakinta, ko zama a ci tuwo tare da ita?

Saura magana ɗaya, ita ce mafi ɗaci. In tsoho ya kwanta, wa ke ɗawainiyar? A gidanmu matar Baffa ce, mai goyo da 'ya'ya biyar. A wasu gidajen bazawara ce, ko jika mace da za a cire daga makaranta. Mu maza masu takardu sai mu zo da ledar lemo mu zauna a zaure muna ba da umarni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba mai jinya hutu. A kuma yi shawara da tsohon kansa muddin yana ganewa, kada a ƙwace masa sana'a da makulli rana ɗaya kamar an kama ɓarawo.

'Yan'uwa, mun mai da tsofaffinmu rumbun bincike. Mu kwashi tatsuniya da kirari da karin magana mu cika kundin digiri, mu rubuta sunansu a shafin godiya, ba mu ko dubi ƙafarsu da ta kumbura ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, akwai ranar da idon babban zai dushe, ranar nan kuwa yaron ne tilas ya hango masa. Iya tana nan da ranta, amma yanzu ba ta san maigidan nata ba, in na shiga sai ta ja mayafi ta gaishe ni kamar baƙo. Muryarta na cikin wayata, har yau na kasa sake saurara.

Allah ya ba mu ikon riƙe su kamar yadda suka riƙe mu, amin. Wassalam.