Filin Zane da Lissafi: Da Za a Haƙa Kwamin Iyo a Gidanmu

Wannan makon ku ɗauko rula da fensir, za mu zana kwamin iyo a cikin gida irin namu na Dogon Daji. Mun san wani zai ce ana ta ruwan sha, wa yake ta iyo? Da gaskiyarsa. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙasar Tambuwal ko Kebbe ya san da damina ta kankama, kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu sai su cika maƙil, yara kuma su yi ta faɗawa. Wurin iyo kam muna da shi, tsari ne babu.

Mu fara da lissafi. A ce tsawon kwamin mita 8 ne, faɗinsa mita 4, matsakaicin zurfinsa mita 1.2. Ku ninka ukun, za ku samu mita kubik 38.4, wato lita 38,400. A jarka mai lita 25, jarka 1,536 ke nan. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka goma, sai ya yi sawu 154 kafin kwamin ya cika. Wannan fa ƙarami ne, don na gasar Olamfik mita 50 ne da mita 25. Ga kuma ranar Afrilu da iskar hunturu, kowacce tana shan rabonta kullum.

Sai inda za a ajiye shi. Gidan Bahaushe yana da nasa tsarin: baƙo namiji iyakarsa zaure ko shigifa, cikin gida na iyali ne. In aka haƙa kwamin a tsakar gida, baƙi ba za su shiga ba. In aka kai shi ƙofar gida, mata da 'yan mata sun rasa. Shi ya sa a zanenmu muka sa shi a gefe, da doguwar katanga ta sutura da ƙofa biyu, ɗaya daga wajen zaure, ɗaya daga cikin gida, kowane ɓangare da lokacinsa. A nisanta shi da masai da katangar laka, don jiƙa kan ci gindin katanga. A nisanta shi da darbejiya ma, duk da daɗin inuwarta, saboda ganye da saiwa. A yi rumfa inda babba zai zauna yana ganin ruwan gaba ɗaya, ba lungun da ya ɓuya masa.

Abin da ya fi komai a zanen shi ne shinge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nitsewa, shiru kawai za a ji, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya kashe shi. Don haka Faransa ta yi doka a 2003 da ta tilasta wa masu kwami a gida sanya abin kariya. A Ostireliya kuwa shingen ba ya gaza mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Shingen ya zagaye kwamin ta kowane gefe. Kada a ce bangon ɗaki ya wadatar a gefe guda, alhali akwai ƙofa a jikinsa.

Zurfi kuma ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali, daga rabin mita a wajen yara, da matakala da igiya mai nuna iyaka, daɓen kuma mai kaushi don gudun santsi. Ku kwatanta da kududdufi: kana tafe ruwa iya ƙugu, taku ɗaya sai ramin da magina suka bari, ga laka mai riƙe ƙafa.

Ruwan da ba ya motsi gidan sauro ne da gansakuka, don haka dole a yi wa famfo da matata wuri a zanen, a riƙa zuba kulorin daidai awo. A kududdufi kuwa har da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fata. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne kamar yadda wasu ke faɗa, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

A ganinmu, da mai hali ya haƙa wa gidansa shi kaɗai, gara a yi ɗaya a makaranta, da malamin koyar da iyo, ranar maza daban, ranar mata daban. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a ƙaramar hukumar Shagari a watan Afrilun 2022 ba, wanda ya ci rai 29, yawancinsu yara da matasa.

Aikinku: ku zana kwamin makarantarku a ma'aunin santimita ɗaya daidai da mita ɗaya, ku nuna shinge da ƙofofi da rumfar mai tsaro, ku lissafa litar da zai ci, sannan ku nuna wa malamin lissafi ya duba.