Jaririn Yana Numfashi, Mu Muna Cigiyar Uwarsa

Wai ni kam yaushe za mu daina tafa wa Amurka a kan abin da ya gagare mu a tsakar gidanmu? A watan Janairun 2025 majalisar wakilansu ta amince da ƙudurin da ya ce duk jaririn da aka yi yunƙurin zubar da cikinsa amma Allah Ya sa ya fito da rai, dole likita ya kula da shi kamar kowane jariri. Nan da nan na ji wasu namu suna ta sambarka, wai ka ga inda ake mutunta rai. Ba su ma tsaya jin ƙarshen labari ba, ƙudurin ya maƙale a majalisar dattawa. Kuma su can tun 2002 suke da dokar da ta ce irin wannan jariri cikakken mutum ne. Suna da kwalbar renon bakwaini, suna da wuta, suna da motar asibiti, rigimarsu a kan hukuncin likita ce.

Mu fa? Doka har ta yi mana yawa. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga mai zubar da ciki, sai in don a ceci ran uwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya korar wanda ya zo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, in ya saɓa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ga dokar kare yara da aka sa wa hannu a Katsina zamanin Gwamna Masari. Duk suna nan a takarda. Yanzu don Allah, kai da ke Dutsin-Ma ko Kurfi, ka taɓa jin an ɗaure wani saboda ya ce "sai an biya kuɗin kati" alhali jariri na shure-shure a cikin zane?

Ka san yadda abin ke faruwa, na sani. Yarinya ta yi ciki, wanda ya yi mata ya ce bai san zancen ba. Ta ɓoye har wata shida, wata bakwai. A kai ta bayan wani kemis ko wurin wata mai jiƙe-jiƙe, a ɗura mata abin da za a ɗura. Sai ɗa ya faɗo yana motsi. A wannan minti mutum biyu ne a ɗakin, kuma kowannensu ya san in aka doshi asibiti, ofishin 'yan sanda za a ƙare. To sai a nemi baƙar leda. Da safe a tsince shi a kwata ko a kango, unguwa ta cika, kowa ya zaro waya yana ɗaukar hoto, ana salati ana tsine wa uwa. Mutum hamsin a tsaye, babu mai cire mayafi ya lulluɓe shi. Sanyi ke kashe bakwaini, jama'a, sanyi! Mu kuwa muna can muna lissafin 'yar gidan wa ce ta daina fitowa kwanan nan.

Shi kuma gogan naka yana majalisar mai shayi, ƙila ma shi ya fi kowa ɗaga murya cewa zamani ya lalace. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, addinin da muke fakewa da shi wurin tsinuwar ya riga ya gama magana tun tuni. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, jaririn da ya faɗo ya yi kuka ya zama mutum: yana gado, ana gadonsa, in ya rasu a yi masa wanka da salla. Ɗaukar tsintacce farilla ce a kan al'umma, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Matar nan Bagamidiya da ta kai kanta gaban Annabi (SAW) da cikin zina, ai mayar da ita aka yi sai ta haihu, sai ta yaye. Ɗan aka fara dubawa. Mu da muka ƙaddamar da Shari'a a 2000, wane babi muka tsallake?

To a ce an samu mai imani ya ɗauke shi. Ina za shi? In abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a rubuta takarda a ce a wuce Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Turai 'Yar'aduwa. Kusan kilomita 60 daga Dutsin-Ma, ta Kurfi, da jaririn da bai kai mudun gero nauyi ba, a motar haya, a hanyar da 'yan bindiga suka sa direba ke tunani sau biyu in magariba ta yi. Wannan ba 'ya'yan da aka jefar kaɗai yake ci ba. Bakwainin matar aure mai shaidu da goro ma hanyar da zai bi ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 ba sa cika wata guda. Shugabannin Afirka sun zauna a Abuja a 2001 sun yi alƙawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙin ma ba ta taɓa cikawa ba.

Kada wani ya ce ina ɗaure wa ɓarna gindi. A hukunta mai kemis, a kamo uban a ɗora masa nauyi. Amma jihar Texas, wadda ba ta wasa da zubar da ciki, tun 1999 ta ba uwa dama ta miƙa jaririnta lafiyayye a asibiti ba tare da an gurfanar da ita ba. Me ya hana Majalisar Dokokin Katsina yin irinta? 'Yan majalisarmu na Dutsin-Ma da Kurfi, na jiha da na tarayya, ku kawo mana doka mai kuɗi a bayanta: kwalba da wutar sola a manyan asibitocin garuruwan nan biyu, magani kyauta ga tsintacce, tambaya kuma sai bayan an ceci rai.

Kai kuma ɗan'uwa, ranar da ka iske taron nan, mayar da wayar aljihu. Manna shi a ƙirjinka, lulluɓe shi, nufi asibiti. In an ce kawo kuɗi, ka ce musu sashe na 20.