Ƙwayoyin ƙara kuzari: Shin doka ɗaya ce ga kowa?

Idan kaka ta yi a ƙasar Gobir, aka cika rumbuna da gero, a kan ji kiɗan kalangu yana tashi a dandali, alamar cewa lokacin dambe da kokawa ya zo.

Haka al'adar take tun kaka da kakanni a Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar Sakkwato, da kuma ƙauyukan jihar Maraɗi da ke tsallaken iyaka a Jamhuriyar Nijar, duk da cewa hare-haren 'yan bindiga sun rage irin waɗannan taruka a 'yan shekarun nan.

To amma wata doka da aka zartar a nesa ta shafi makomar waɗannan wasanni. Daga ranar 1 ga watan Janairun 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, wato WADA, mai hedkwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ta sanya tramadol cikin jerin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa amfani da su a lokacin gasa.

Ƙwayar da ta zama ruwan dare

Tramadol, wanda jama'a ke kira tiramol, magani ne na kashe ciwo da likitoci kan rubuta wa mara lafiya. Sai dai a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ya daɗe da fita daga hannun likita, ya koma hannun 'yan ga-ruwa da 'yan acaɓa da masu noman ƙodago, waɗanda ke sha domin su jure wahalar aiki.

Wani bincike da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu suna shan magunguna irin su tramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba.

An daɗe ana zargin cewa wasu 'yan dambe da 'yan kokawa na cikin masu sha. Dalilin a fili yake: wanda jikinsa ba ya jin zafin naushi ko gajiya yana da fifiko a kan wanda ya shigo fage da ƙarfin tuwo da fura.

A dandalin ƙauye babu mai gwada fitsarin kowa. Amma waɗannan wasanni sun fara barin ƙauye. Nijar na gudanar da gasar kokawa ta cin takobi tun shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko. A Najeriya ma dambe da kokawa na cikin wasannin da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, ga kuma kamfanoni da ke shirya dambe suna yaɗa shi ta intanet.

Duk inda kuɗi da kofi suka shiga, ba a daɗewa dokar gwaji za ta biyo baya. Abin tambaya shi ne ko dokar za ta yi wa kowa adalci.

Darasin Tokyo

Tarihin Najeriya da wannan doka yana da fuska biyu.

A gasar Olympics ta birnin Tokyo a shekarar 2021 an hana 'yan wasan tsere da tsalle-tsalle na Najeriya su 10 shiga gasa. Ba a sami komai a jikinsu ba. Laifin shi ne ba a yi musu gwaji sau uku na ba-zata kafin gasar ba, kamar yadda ƙa'ida ta tanada ga ƙasashen da aka sanya wa ido. Shirya gwajin kuwa aikin hukumomi ne, amma 'yan wasan ne suka ɗanɗana kuɗarsu, har ta kai su ga yin zanga-zanga a Tokyo.

A gasar ce kuma aka dakatar da Blessing Okagbare ana gab da zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100, bayan an gano haramtaccen sinadari a jikinta. A shekarar 2022 aka yanke mata haramcin shekara 10, daga bisani aka ƙara mata shekara ɗaya. Divine Oduduru shi ma an haramta masa wasa na shekara 6 a 2023. Mutumin da ya samar da magungunan, Eric Lira, ya amsa laifinsa a wata kotun Amurka, aka yanke masa ɗaurin wata 3.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta gasar Sydney a shekarar 2000, inda tawagar Najeriya ta zo ta biyu a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗan tseren Amurka Antonio Pettigrew ya amsa cewa ya sha ƙwayoyi, amma sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya lambar zinare. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Sunday Bada, ya rasu a watan Disamban 2011, ba tare da ya ga zinaren ba.

Wannan na nuna cewa rashin gwaji ma zalunci ne, kuma wanda bai sha komai ba shi ke kwana ciki.

Mai lauya da mara lauya

Ginshiƙin dokar WADA shi ne cewa ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ana iya sassauta masa hukunci ne idan ya kawo hujjar yadda sinadarin ya shiga jikinsa ba da gangan ba. A nan ne bambanci ke fitowa.

A watan Afrilun 2024 aka bankaɗo cewa an sami haramtaccen maganin zuciya a jikin 'yan ninƙaya 23 na ƙasar Sin a farkon 2021, amma ba a dakatar da su ba, domin hukumomin ƙasar sun ce maganin ya gurɓata abincinsu ne a wani otal. WADA ta amince da bayanin, kuma wani lauya ɗan ƙasar Switzerland da ta naɗa ya binciki lamarin ya ce bai ga alamar son kai ba. Duk da haka jami'an Amurka sun ci gaba da sukar hukumar.

Haka kuma ɗan wasan tanis na Italiya Jannik Sinner, wanda aka sami sinadarin clostebol a jikinsa a 2024, ya ce ya same shi ne daga hannun mai yi masa tausa. An kammala batun da dakatarwar wata 3 a 2025.

Mai yiwuwa ne bayanan nan duk gaskiya ne. Sai dai kafa irin wannan hujja na buƙatar lauyoyi da masana kimiyya da kuɗi masu yawa. Chika Amalaha tana da shekara 16 kacal lokacin da aka ƙwace zinaren da ta ci wa Najeriya a ɗaga nauyi a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, kuma a lokacin mutane da dama sun tambayi inda manyan da ke kula da ita suke.

To ina ga saurayin da ya taso a Isa ko Sabon Birni, wanda ke sayen magani a kemis ko a tiren mai talla ba tare da takardar likita ba, ga kuma tsimi da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da aka haɗa a ciki? Idan aka same shi da laifi, da wace hujja zai kare kansa?

Ko kayan aikin ma ba a raba su daidai ba. Najeriya ba ta da ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi, sai dai a aika samfur ƙasashen waje. Shi ma ɗakin gwaji na Bloemfontein a Afirka ta Kudu, wanda ƙasashen nahiyar suka daɗe suna dogaro da shi, WADA ta dakatar da shi a 2024.

Laya da ƙwaya

Neman taimako a fagen wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan dambe da 'yan kokawa kan fito da layu da guraye a bainar jama'a, abokin karawa na gani, shi ma da nasa.

Ƙwaya kuwa a ɓoye ake shan ta, tana sauya yadda jiki ke aiki, kuma illarta ba ta tsaya a fage ba. Likitoci sun tabbatar da cewa yawan shan tramadol na kama jiki, yana haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tauye numfashi. Ɗan damben da ba ya jin ciwo kan ci gaba da karɓar duka bayan lokacin da ya kamata a raba.

Ta fuskar addini ma matsayin malamai sananne ne game da ha'inci da kuma abin da ke gusar da hankali ko cutar da jiki.

Saboda haka gwaji ya zama dole, domin kare mai gaskiya. Amma idan ana son 'yan wasan karkara su yarda da shi, tilas ne a fassara jerin haramtattun magunguna zuwa Hausa, a bi sarakunan dambe da na kokawa da gidajen rediyo a wayar da kai, a hukunta mai horarwa da mai sayar da ƙwaya kamar yadda ake hukunta mai sha, sannan a tanadi lauya ga ɗan wasan da ba shi da hali.

Hukumar NDLEA na yawan ba da sanarwar kama tramadol a tasoshin jiragen ruwa da kan iyakoki. Muddin dai ana samun ƙwayar cikin sauƙi a kasuwannin yankin, matasan Gobir za su ci gaba da sanin ta tun kafin su san akwai dokar da ta hana ta.