Zancen Wata: Mutuwar da ba a ƙidayawa

Zancenmu na wanga wata mai nauyi ne. Zancen mutanen da ke kashe kansu ne. A ƙasarmu ba a son faɗinshi. In abin ya faru cikin gida, sai a ce ajali ne, a yi shiru saboda kunya. Amma ciwon da aka ɓoye ba shi samun magani.

Bari mu fara da lissafi, tunda mun koye shi a makarantar yaƙi da jahilci. Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ce mutum sama da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara. A shekarar 2019, cikin kowane mutum 100,000 na duniya, 9 ne suka mutu ta wannan hanya. A Afirka kuwa 11 ne, ya fi na kowane yanki. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu.

A Nijar, lissafin OMS na 2019 ya ba da wajen mutum 5 cikin 100,000. Kamar kaɗan ne, ko? To mu auna shi da namu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen 267,000 a birnin Maraɗi. In muka bi wancan ma'auni, mutum 13 ke nan a shekara, wato kusan kowane wata da gawa guda. Jahar Maraɗi duka tana da mutum miliyan 3 da dubu 400 a lokacin. Wannan ya kai mutum 170 a shekara. Kuma tun daga lokacin jama'a ta ƙaru ƙwarai.

Ku lura, lissafin nan kintace ne na masana. A ƙauye sau da yawa ana rufe mamaci ba tare da an rubuta mutuwarshi ba, balle dalilinta. Shi ya sa mai gari ba shi iya ce maka ga adadi.

Mi ke kai mutum ga haka? Abu guda ba shi isa. Akwai bashin da ya sha kan mai gida bayan damana ta ƙi. Akwai makiyayin da fari ya ƙwace mashi garke. Akwai ɗiyar da aka yi ma auren da ba ta so. Binciken 2012 ya nuna a jahar Maraɗi, cikin ɗiya mata 10, kusan 9 ana yi masu aure kafin shekara 18. Akwai kuma ciwon baƙin ciki mai tsanani, wanda ke hana barci da ci da aiki. Shi ma ciwo ne kamar masassara, kuma a likita ana maganinshi.

Ga abin da ya fi shafarmu. OMS ta ce cikin mutum 5 da suka kashe kansu a duniya, 1 da maganin ƙwari na gona ne. Mu kuwa kwalbar nan tana ko'ina: a garake na Jiratawa, a fadamar gulbi wajen Tibiri, a kasuwar Maraɗi. Mun saba ajiye ta ƙarƙashin gado ko bakin rumbu.

Sau da yawa tunanin kashe kai ba shi daɗewa. Zuciya ce ke tashi bayan faɗa ko abin kunya. In babu guba kusa, zuciyar na iya kwantawa, mutum shi rayu. Ƙasar Siri Lanka, ƙasar manoma ce a Asiya, ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi dafi. Daga 1995 zuwa 2015 kashe kai ya ragu da kashi 70 cikin 100, amma noma bai lalace ba. A duniya ma, daga 2000 zuwa 2019, abin ya ragu da wajen kashi 1 cikin 3. Ashe ana iya rage shi.

To ga abin da ya kamata mu yi.

1. Sayi magani daidai feshinka. Ragowar a kulle ta cikin akwati, nesa da ɗakin kwana.
2. In ɗan'uwa ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara raba kayanshi, kada ka yi dariya, kada ka zage shi. Zauna ka saurare shi. Tambayarshi ba ta ƙara mashi niyya.
3. Kada a bar shi shi kaɗai. A kira wanda yake jin maganarshi, liman ko dattijo ko uwa, sa'an nan a raka shi likita.
4. In wani ya sha guba, kada a sa shi amai, kada a ba shi nono ko mai. A kai shi likita maza, tare da kwalbar.

Addini ya hana mutum kashe kanshi, kowa ya sani. Amma addinin nan ya ce mu taimaki wanda ke cikin wahala. Wanda ya iya karatu shi karanta ma sauran a dandali da wurin taron ƙungiya. Allah shi yaye muna baƙin ciki, shi ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.

Malamin yaƙi da jahilci, Maraɗi