"Ai Ɗanɗanawa Kawai Na Yi"

'Yan'uwa matasa cikin Almasihu, wasunku da ke karatu a Sakkwato ko Kaduna suna dawowa Dandin Mahe da wata hujja. Wai manyan kantunan birni suna sayar da giya mai launin ƙasa-ƙasa, a kwalba mai tsabta, da suna mai daɗi, kuma tana kama da Maltina da muke rabawa a bikin aure. To, mene ne laifin kurɓa ɗaya?

Gaskiya ne asalinsu ɗaya. Ana jiƙa hatsi, sha'ir ko dawa, har ya tsira, a busar, a niƙa, a dafa, sai ruwan ya yi zaƙi. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin ƙasar nan suka koma ga dawa irin wadda muke nomawa. Daga nan hanya take rabuwa. Idan an rufe ruwan a kwalba da zaƙinsa, ya zama malt. Idan an sa masa yis aka bar shi ya kwana, sukarin ya juye ya zama abin maye. Haka ake dafa burukutu. Giyar kantin nan burukutu ce da ta sa riga, sai dai ta fi tsada.

Saboda haka ba mu hana kowa malt, kuma masu hararar kwalbarsa a coci su yi haƙuri. Amma giyar, mun ce a'a. Karin Magana 23 ya ja kunnenmu tun daga kallon launinta a ƙoƙo, ba a jira sai an haɗiye ba, domin marubucin ya san inda jarabar take somawa.

Mun san wani zai ce Manzo Bulus ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa. Haka ne, amma kai cikinka lafiya lau.

Ga kuma inda muke zaune. Jihar Sakkwato tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, mu kuma 'yan kaɗan ne a nan. Da yawa cikin maƙwabtanmu ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, mu suke karantawa. Yaro ɗaya ya sa hotonsa da kwalba a Facebook, gobe a kasuwa ba sunansa za a kira ba. Za a ce Kirista ke nan, kuma mahaifiyarsa da ke sayar da ƙosai ita za ta fara jin maganar.